Diski ya ƙi juyawa, uwar amarya tana ta kira

Laminu Mai Hoto: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka mini, ina cikin wani hali. Daren Talata da aka yi hadarin nan mai tsawa, na rufe shago ban zare kwamfutar situdiyo daga bango ba. Da safe na danna, shiru, ko fanka ba ta motsa ba. A cikinta akwai bidiyon biki uku da ban ba masu su ba, ɗaya ma na gama haɗa shi, kwafa kawai ta rage. Wani yaro ya ce in ciro diskin da ke ajiye kayan cikinta, in sayi kabul mai kan USB, in jona a portabul, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Na ciro, na sayi kabul jika 4 a bakin babbar kasuwa, na jona. Ƴar fitilar kabul ɗin tana kamawa, amma diskin ko gezau. Na kara shi a kunne, ba motsi. Shi ke nan ya ƙone? Uwar amarya guda ta kira ni sau shida tun safe.

Hajiya Zuwaira: Innalillahi. Sannu Laminu. Kafin masu sani su zo, abu guda nake roƙonka: duk abin da kwamfuta ta tambaye ka game da diskin nan, kada ka ce mata to.

Malam Isufu Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka tukuna. Diskin wane iri ne, mai kauri kamar sandar sabulu, ko siriri mai shiga aljihun riga? Juya shi ka karanto mini abin da ke rubuce bisa takardar da ke manne a jikinshi.

Laminu Mai Hoto: Mai kaurin ne Malam, da nauyinsa. An rubuta Seagate, 1TB, 7200. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe akwai +5V da +12V, kowanne da wasu lambobi a gabansa.

Malam Isufu Mai Gyara: Kabul ɗin fa? Ban da kan USB, shina da wata kafa ta sa wuta daga bango?

Laminu Mai Hoto: A'a. Kai biyu ne kawai, faffaɗan da ke shiga diskin, da na USB.

Malam Isufu Mai Gyara: To diskinka bai ce ya mutu ba, yunwa yake ji. Kabul ɗin da aka saida maka na ƙaramin diski ne, mai inci 2.5, na portabul. Shi wannan bolt 5 kaɗai yake ci, kuma kafar USB bolt 5 take badawa, sai su daidaita. Naka na kwamfutar tebur ne, mai inci 3.5. Bolt 5 ɗin tana tada ƙwaƙwalwarshi, amma injin da ke juya faifan ciki sai da bolt 12, abin da kafar USB irin wagga ba ta da shi ko ka kwana kana jira. Abin da ke ruɗin mutane shi ne bakin da ake jona diski, wanda ake kira SATA, iri guda ne a babba da ƙarami, haƙora 7 na bayanai, 15 na wuta. Tunda ya shiga daram sai mutum ya ɗauka aiki ya ƙare.

Nasiru Ɗan Jami'a: Gaskiyar Baba Isufu. In ƙara da cewa ko ƙaramin ma ba kullum yake tashi ba. USB 2.0 rabin ampar take bayarwa, USB 3.0, mai shuɗin harshe, tana kai 0.9. Wasu ƙananan diskin a lokacin tashi suna jan kusan ampar 1, shi ya sa za ka ji suna ƙas, ƙas, su yi shiru, su sake. Mutum ya ce ya lalace, alhali kafa kawai zai canza, ko ya samu kabul mai kai biyu, ɗaya na bayanai ɗaya na ƙarin wuta.

Ɗan Tibiri: Ku duk kuna wahal da yaro. Laminu, ƙulle shi cikin leda ka sa firigo ya kwana. Haka anka yi ma wani abokina nashi, da safe ya tashi garau.

Seyni: Bagobiri ya ga diski ya ɗauka fura ce.

Ɗan Tibiri: Zabarma ka yi shiru, manya na magana.

Malam Isufu Mai Gyara: Ɗan Tibiri, ka taɓa hiddo kwalbar lemo daga firigo cikin watan nan? Mi kake gani a jikinta kafin ka sha? Gumi. Wannan gumin ne zai kwanta bisa faifan da ke juyawa sau 120 a daƙiƙa guda, kan da ke karanta shi kuma shina shawagi samanshi da tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Abokinka sa'a ya taka, ko kuma dama can diskin bai da komi. Kuma ko da firigo na magani, wane ciwo za ta warkar nan? Diskin da ba a ba wuta ba?

Ɗan Tibiri: To Malam, na janye firigo. Amma in bai tashi ba za ku neme ni.

Laminu Mai Hoto: Alhamdu lillahi, har na ɗan samu numfashi. Yanzu na leƙa wajen maƙwabcina mai saida kayan salula, yana da wani kabul ɗin mai ƴar kafa zagayayya a gefe, amma sharjarsa ta ɓata. Na gwada bakin sharjar portabul ɗina, ya shiga cif. In sa wuta?

Malam Isufu Mai Gyara: KADA KA SA.

Malam Isufu Mai Gyara: Laminu kana ji na? Zare ta. Karanta abin da ke rubuce a cikin sharjar.

Laminu Mai Hoto: Na zare Malam, ban kunna ba. An rubuta 19V.

Malam Isufu Mai Gyara: Allah Ya rufa asiri. Wanga kuskure shi ya fi kawo mini diski ƙonanne shago, ya fi tsawa, ya fi faɗuwa. Bara waccan wani malamin makaranta ya zo da nashi cikin tsumma, tun daga ƙofa na ji ƙaurin. Sharjar portabul ya sa, don bakin ya shiga. A bisa koren allon diskin akwai wata ƴar baƙar aba kamar ƙwayar wake kusa da bakin wuta, aikinta in wuta ta yi yawa ta haɗe hanya ta mutu, don sauran su tsira. Tashi ta mutu, ta tsage biyu. Na cire ta, na auna, na ba shi bolt 12 mai tsabta, ya tashi muka kwashe takardun jarrabawa. Amma na ga waɗanda wutar ta zarce ta cinye har abin da ke ciki, waɗannan sai dai haƙuri. Abin da kake nema sharja ce mai 12V, ampar 2 ko sama. Ampar in ta yi yawa ba laifi, diski abin da yake buƙata kaɗai yake ja. Bolt ce ba ta son ƙari.

Bashir Sola: Tunda ana maganar bolt 12, bari in tari numfashin wanda zai ce a ja daga batirin sola, don na san akwai shi a zauren nan. Sunan batirin ne 12. Da rana in fano na cika shi yana haura 14, da asuba kuma ya sauko. Diski ba ya son a kauce wa 12 ɗin nan da fiye da kashi 10 cikin 100, wasu ma ƙasa da haka. In dole sai da sola, a bi ta na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, a sa sharjar da ta dace.

Ɗan Tibiri: Wallahi batirin babur nike shirin cewa.

Nasiru Ɗan Jami'a: Ni fa ina da ja a kan hanyar gaba ɗaya. Me ya kai mu neman kabul? A samu wata kwamfutar tebur, a buɗe gefenta, a jona diskin kai tsaye a kafar SATA ta biyu. Ba ɗan tsakani, wuta daga tukunyar kwamfutar, gudu cikakke. Kabul ɗin nan akwai ƴar ƙwaƙwalwa a cikinsa mai fassara tsakanin SATA da USB, kuma masu arahar suna yanke magana a tsakiyar aiki, musamman in diski ya fara ciwo yana jinkirin amsawa. Sai ka ga ya ɓace daga kwamfuta ya dawo, ya ɓace ya dawo.

Malam Isufu Mai Gyara: Maganarka ta makaranta daidai take, ɗana, ni ma in diski ya tsananta haka nake yi. Amma dubi wanda ake ba shawarar. Laminu mai hoto ne. In ya jona shi ciki, diskin nan akwai Windows a kanshi, wata kwamfutar za ta yi ƙoƙarin tashi da shi ta bar nata. Ko ba haka ba, tunda wuta ta yanke mashi ba sallama, Windows na iya fara binciken gyara tun kafin ta buɗe, baƙin allo da fararen rubutu, ta yi ta taɓe-taɓe a diskin da ba mu san lafiyarshi ba. Da kabul kuwa sai kwamfuta ta gama tashi, ka zauna, ka yi bismilla, sannan ka jona. Kuma a gaya mini, su wa ke da kwamfutar tebur biyu a gida?

Nasiru Ɗan Jami'a: Ana iya gyara jerin tashi a BIOS ai, saitin da ke faɗa wa kwamfuta diskin da za ta tashi da shi.

Malam Isufu Mai Gyara: Kai kana iyawa.

Alhaji Mamman Kano-Maradi: Salamu alaikum, yanzu na ga saƙonni. Ni ina sarin kayan nan, bari in faɗi abin da na sani ta fuskar kasuwa. Iri uku ne. Akwai kabul tsirara irin na Laminu. Akwai akwati, wanda ake zura diskin ciki a ɗaure da kusa, ya koma kamar wanda aka saya na waje. Akwai kuma mai kama da turmi, ana tsayar da diski a ciki daga sama, babba ko ƙarami, wannan masu gyara suka fi so. A Kano in ka ce disk dir ba mai gane ka, sai ka ce hadis, ranar farko na zaci littafi ake nufi. Shawarata, wanda zai sayi mai sharja ya ɗaga sharjar a hannu. In ka ji ta sakayau kamar kwalin ashana, ajiye. An rubuta ampar 2 amma ba ta kai ba, babban diski kuwa a tashin farko yake jan wuta da ƙarfi.

Hajiya Zuwaira: Alhaji araha ba ta ado ke nan. Laminu, bari in faɗa maka dalilin maganata ta farko, don in diskin ya tashi nan ne haɗarin yake. Shekara uku da suka wuce wata ɗaliba ta kawo mini diskin portabul ɗinta sakatariya, rubutun kammala karatunta na ciki, saura kwana tara ta miƙa. Muka jona, sai ga ɗan akwati ya fito wai sai an yi formate kafin a yi amfani da diskin. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauka irin tambayoyin nan ne da ake danna to a wuce. Kafin in juyo daga wajen firinta ta danna. Muka buɗe, fayau, kamar an share tsakar gida. Ashe portabul ɗin Linux ke kanta, yayanta ya sa mata, Windows kuwa ba ta iya karanta tsarin Linux, duk abin da ba ta gane ba sai ta ce a goge. Lafiyar diskin ƙalau. Ɗalibar nan ta zauna a kan bencina ta yi kukan da har yau ina jin sa.

Seyni: Subhanallahi. An samu kuwa?

Hajiya Zuwaira: An samu mafi yawa, don ba mu zuba komai a kai ba bayan nan. Wani ya sa PhotoRec, wata manhajar tono abin da aka goge, ya kwana yana tsinta. Sai dai fishiyoyin sun dawo ba sunayensu, lambobi kawai, dubbai. Kwana biyu muka yi ni da ita muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya muna neman babi na uku.

Nasiru Ɗan Jami'a: Haka yake yi, ba ya bin sunaye, ƙamshin fishiye yake bi. Shi da TestDisk mutum guda ya rubuta su, wani Bafaranshe, Christophe Grenier, kuma kyauta ne. Formate na gaggawa ba ya share bayanan, rajistar da ke nuna inda kowanne yake ita yake sabuntawa. Irin wannan tambayar tana fitowa da diskin Mac, da wanda aka ciro daga na'urar kyamarorin tsaro. Akwai ma wata, wadda ke cewa a yi wa diski rajistar farko, MBR ko GPT. Ita ma a'a ce amsarta matuƙar akwai kaya a ciki.

Ustaz Habibu: Wannan magana ta Nasiru ta tuna mini wani abu. In formate ba ya sharewa, to duk kwamfutocin gwanjo da ake saya, da waɗanda muke saidawa, asirin mutane na ciki ke nan?

Nasiru Ɗan Jami'a: Sosai Ustaz. Wanda zai saida tasa ya yi formate mai tsawo, ya cire alamar gaggawa. Tun daga Windows Vista wannan yana bin diskin duka yana rubuta sifili. Yana cin awoyi, amma shi ne sharewa.

Malam Isufu Mai Gyara: Laminu, kawo shi shago gobe ka bar mini, zuwa la'asar ka zo ka amsa.

Laminu Mai Hoto: Malam ka yi mini aikin gafara, ba raini ba ne. Cikin bidiyon nan akwai na wankan amarya da na lalle, mata zalla, ba lulluɓi. Ni kaina ƙanwata nake turawa ta ɗauka. Iyayen sun yarda da ni ne a kan ba wanda zai gani. In na bar shi ya wuni a shago, ba kai nake ji ba, yaran shago nake ji.

Malam Isufu Mai Gyara: Shekara ashirin da wani abu ina wanga aiki, ba a taɓa jin hoton kowa ya hita daga hannuna ba.

Ustaz Habibu: Malam Isufu, ba wanda ya tuhume ka, kowa ya san ka. Amma yaron nan amana aka ba shi, bai da ikon miƙa ta ga wani ko da wanda ya fi shi kirki ne, sai da iznin masu ita. Ni abin yabo na gani.

Hajiya Zuwaira: Ni ma a matsayina na uwa ina bayan Laminu. Mun ga auren da hoto guda ya girgiza a garin nan. Kuma ai amfanin kabul ɗin ke nan, mutum ya ciro kayansa a ɗakinsa ba tare da ya miƙa wa kowa ba.

Malam Isufu Mai Gyara: To na ji. Ran tsoho ne ya ɗan sosu. Turo yaro bayan sallar asuba in ba ka aron nawa da sharjarshi. Ga yadda za ka yi, ka bi a jere. Shimfiɗa kwali ko littafi bisa tebur, ban da tiren ƙarfe, don koren allon nan a waje yake. Riƙe diskin ta gefe. Jona faffaɗan bakin, kana lura da ƴar lanƙwasar da ke cikinshi, in ya ƙi shiga juya shi, kada ka tilasta. Sa sharja, kunna, ɗora yatsa bisa murfin. In ka ji ya ɗauki juyi sumul, ka ƙirga goma, sannan ka sa USB. In ka ji ƙwas ƙwas mai maimaituwa ko ƙarar gogayya, kashe nan take ka kira ni. Kuma muddin shina juyawa kada ka ɗaga shi, kada ka matsar da shi.

Bashir Sola: Da lokacin hunturu ne da na ce ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya taɓa diskin, saboda wutar jiki. Yanzu da iska ta jiƙa da sauƙi.

Abdu Gidan Rumji: A gafarce ni in shigo da tawa. Akwai tsohon diskin kwamfutar mahaifinmu, Maxtor, giga 80. Bakinsa ba irin wanda kuke faɗa ba ne, allurai ne jere biyu. Akwai kabul ɗinsa?

Malam Isufu Mai Gyara: IDE ke nan, wanda SATA ta gada. Babba allurai 40, in ka ƙirga ka samu 39 kada ka damu, guda dama cire ta ake yi don kada a juya bakin. Wutarshi ta wani farin baki mai ramu huɗu take shiga. Na portabul allurai 44, wutar na ciki. Nemi kabul mai baki uku, Alhaji ya san shi. Ka duba ƴar hular roba da ke kan ƙananan allurai a gefe, mai da ta inda zanen ya nuna Master. Ka shiga da shi a hankali, alluran nan in guda ta lanƙwashe ta karye, kuka ne.

Alhaji Mamman Kano-Maradi: Akwai shi, amma ya fara wuya. Abdu ka yi mini magana ta gefe.

Laminu Mai Hoto: Ina kwananku. YA TASHI! Wallahi da na ɗora yatsa na ji yana kaɗawa sai da na yi sujada. Amma matsala biyu. Bai fito a cikin jerin diski ba. Da Nasiru ya ce in buga diskmgmt.msc, wurin da Windows ke nuna duk diskin da ke jone, na gan shi, sai dai an rubuta giga 931, alhali tera 1 ne. Giga 69 sun ƙone ke nan? Kada dai bikin mutane na cikinsu.

Nasiru Ɗan Jami'a: Ba abin da ya ƙone yaya Laminu, bambancin mudu ne. Masu ƙera diski suna awo da 1000, Windows tana awo da 1024, in ka sauke sau uku tera 1 sai ta koma 931. Mai giga 500 ma 465 yake nunawa. A kan dogon yankin, me aka rubuta, NTFS, tsarin Windows, ko RAW, wato ba ta gane tsarin ba?

Laminu Mai Hoto: NTFS.

Nasiru Ɗan Jami'a: Madalla. Harafi kawai ya rasa. Danna dama a kansa, zaɓi wajen canza harafi, ba shi wanda ba kowa. Kada hannunka ya zame zuwa layin formate, suna kusa da juna. In ka shiga dosiyen Users ta ce ba ka da izni, danna ci gaba ka jira, tana iya ɗaukar mintuna. Ka gode Allah ba kwaɗon BitLocker a kai, da sai an nemo lambobi 48 na buɗe shi.

Hajiya Zuwaira: Fara da bikin mai kira sau shida.

Laminu Mai Hoto: Da shi na fara Hajiya. Amma kile ɗina ta USB mai giga 64 ta ƙi karɓa, wai fishiyen ya yi mata girma, alhali ba komai a cikinta.

Seyni: Tsarin FAT32 ke kanta, ba ta ɗaukar fishiye guda da ya wuce giga 4. Mai da kile ɗin exFAT. KILE ɗin na ce, ka duba harafi sau biyu kafin ka danna.

Malam Isufu Mai Gyara: Bar kile yanzu. Ranar da diski mai jinya ke manne ba a buɗe akwatin formate ko na mi ne. Zuba cikin portabul ɗin kai tsaye in da wuri.

Laminu Mai Hoto: Akwai wuri. Kayan duka kamar giga 300 ne. Yana tafiya mega 33 a daƙiƙa, wai saura awa biyu da rabi. Diskin kuma ya yi zafi, ba na iya barin hannu a kai.

Nasiru Ɗan Jami'a: A baƙar kafa ka sa. Da shuɗiya ce da ka ga sama da mega 100, aikin minti 45. Amma tunda ya fara, bar shi.

Malam Isufu Mai Gyara: Juya mashi fanka. Cikin kwamfuta iska ke bin shi, nan kuwa tsirara yake cikin zafin Maradi. Sa fensir biyu ƙarƙashinshi in ka sake tadawa, iska ta ratsa, ba yanzu da shina juyawa ba.

Laminu Mai Hoto: Jama'a an ɗauke wuta. Portabul na kan batir amma diskin ya tsaya. Kashi 61 ya kai.

Bashir Sola: Abin da na ji tsoro ke nan, babban diski da wutar bango yake rayuwa. Zare sharjar daga bango kafin a maido, dawowar wuta ta fi tafiyarta haɗari. Kana ina, unguwar Zariya? Ina da ondilar a shago, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, yaro na zuwa da ita bisa babur.

Ɗan Tibiri: Diski guda ya tada gari duka. Ko sarki aka naɗa sai haka.

Laminu Mai Hoto: Bashir Allah Ya saka. An ci gaba, a shuɗiyar kafa wannan karon, gudun ba a magana. Biki biyu sun fita cif, na buɗe na duba. Na ukun akwai fishiye guda mai giga 11 da yake tsayawa a wuri ɗaya, diskin ya yi ɗan ƙis ƙis, sai Windows ta ce kuskuren CRC, ta kasa karanta wurin. Sau huɗu ina maimaitawa.

Malam Isufu Mai Gyara: Daina maimaitawa, gyambo kake sosawa. Tsallake shi, kwashe duk sauran tukuna.

Nasiru Ɗan Jami'a: Sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, ka ga launin da zai nuna. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai addu'a.

Laminu Mai Hoto: Rawaya.

Nasiru Ɗan Jami'a: Akwai gurabun da suka daina karantuwa ke nan. Windows in ta ci karo da guda sai ta watsar da fishiyen duka. Akwai ddrescue a Linux, shi yana kwashe mai kyau da farko, ya tsallake ramukan, daga baya ya dawo yana lallaɓa su. Bidiyo in ya rasa ɗan guntu yawanci yana buɗewa, sai dai hoto ya ɗan yage a wurin. Zan zo da kile mai Linux bayan magariba, kai za ka riƙe linzamin, ni fuskata na bango. Kuma Baba Isufu, in kabul ɗin ya fara yankewa a kan ramukan, ka yarda mu jona shi ciki.

Malam Isufu Mai Gyara: In ya yanke na yarda. Sai ka zo ka ɗauki ta shagona.

Alhaji Mamman Kano-Maradi: Laminu in an gama kawo shi in sa maka a akwati, ka samu tera guda ta ajiya a ɓagas.

Hajiya Zuwaira: Alhaji, diskin da ya nuna rawaya za a zuba wa bikin mutane?

Alhaji Mamman Kano-Maradi: Nawa shekara biyu yana rawaya, yana aiki.

Malam Isufu Mai Gyara: Ya zuba mashi finafinai da waƙoƙi, abin da in ya ɓace ba mai kira sau shida. Kayan mutane kuwa wuri biyu, kuma ba bisa diskin da ke kwance tsirara a tebur yara na giftawa ba.

Laminu Mai Hoto: Barkanmu da dare. Kabul bai yanke ba. Fishiyen ya fita, abin da ya ƙi karantuwa bai kai mega 1 ba. Mun duba, daƙiƙa kamar uku ne hoton ya dagule, daidai inda kawun ango ya karɓi makirfo zai fara jawabi. Na yanke wurin, ba wanda zai sani sai shi. Uwar amarya ta karɓi nata tun la'asar, har ta ce in zo sunan jikarta. Malam na aiko yaro da kabul da sharja, na gode, Allah Ya ƙara girma.

Ɗan Tibiri: Kawun ango dai bai gode ba.

Abdu Gidan Rumji: Nawa na ƙirga, 39 ne.

Malam Isufu Mai Gyara: Laminu, kabul ya iso. Sharjar da yaronka ya kawo 19V ke rubuce a cikinta. Tawa tana nan wurinka, duba bayan tebur, kuma kada ka sa ta a portabul.